Tallafin abinci: a saya hannun manomi da kaka, a raba da damina

Daga Oktoba zuwa Disamba ƙaramin manomi a Kano da Jigawa yake kai gero da dawa da wake kasuwa ya sayar da araha, domin bashin taki na jiransa, ga hidimar biki, ga kuɗin makaranta. 'Yan sari su kwashe daga kasuwannin ƙauye irin su Gujungu da Maigatari, su tara a Dawanau. Daga Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare, sabon amfani bai nuna ba, wannan manomin ne zai koma ya sayi abin da ya noma da tsada. Duk gwamnatin da ke son kuɗin tallafinta ya yi aiki biyu, ya taimaki manomi ya kuma ciyar da gidan da babu, to a wannan tazarar za ta sa shi.

Ba sabon tunani ba ne. Brazil ta fara sayen abinci hannun ƙananan manoma a 2003, a 2009 kuma ta yi dokar da ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai a wurinsu za a kashe. Mu ma shirin ciyar da 'yan firamare da aka ƙaddamar a 2016 an gina shi ne a kan abincin da aka noma a gida, naira 70 kowane yaro a rana a wancan lokacin. Sai dai mai dafa abinci da ke karɓar kuɗi a makare ba ta da halin ƙulla ciniki da manomi. Kasuwa za ta je ta ci bashi wurin mai awo.

Lissafin ba wuya. Babban mutum na buƙatar hatsi wajen giram 400 a rana. Gida mai mutum 7 zai ci kilo 84 a wata, kusan buhu guda mai kwano 40. Idan rabin wannan za a ba gida 100 na wata 3, ana neman buhu 126 masu kilo 100 na gero ko dawa, da buhun wake wajen 19. Ƙungiyar manoma ɗaya ko biyu a mazaɓa za su iya kawo wannan ba tare da an ɗauko tirela daga ko'ina ba.

Inda aikin ke mutuwa shi ne wurin biya. Manomin da ya kawo buhu 3 ba ɗan kwangila ba ne da zai jira wata 4 takarda na yawo daga ofis zuwa ofis. Dillali na tsaye bakin kasuwa da kuɗi a hannu, ko farashinsa bai kai na gwamnati ba shi za a ba. Don haka sai kuɗin ya kasance a asusu tun Satumba, a auna kaya a gaban mai shi, a biya ta banki ko ta mai POS kafin kwana 3. A sanar da farashi kowane mako, a ɗora shi kan na kasuwar yankin da ɗan ƙari kaɗan. In aka tsayar da farashi ɗaya na duk kaka, ranar da kasuwa ta haura babu mai kawowa, ranar da ta faɗi kuma 'yan kasuwa ne za su cika wurin da sunan manoma. Maganin wannan na biyun shi ne iyaka: kada a karɓi fiye da buhu 5 zuwa 10 daga mutum ɗaya.

Sai ajiya, wadda ita ce ake rainawa. Hatsin da danshinsa ya wuce kashi 13 cikin ɗari zai yi fumfuna, a masara da gyaɗa kuma fumfunar na haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta. In babu na'urar gwaji, a zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza. Gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da kayan shanya. Wake kuwa a zuba shi a buhun PICS mai ninki 3, a ɗaure kowace leda daban. Iska ta ƙare ƙwari su mutu, ba sai an barbaɗa magani a abincin da yara za su ci ba. Amma huji ɗaya na ɓera ya isa ya ɓata buhun, shi ya sa ake jera su kan katako, nesa da bango, kuma ba a buɗewa sai ranar raba.

Wa za a ba? In aka bar wa 'yan siyasa su rubuto sunaye, kowa ya san yadda take ƙarewa. Mai unguwa da liman da matan unguwa sun san gidan da ba a hura wuta ba, kuma kwamitocin zakka sun daɗe suna wannan tantancewa. A karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar dagaci, a ba mutane mako guda su yi gyara. Katin karɓa ya fi dacewa ya kasance hannun uwargida, tunda ita ke riƙe da tukunya. A riƙa ba da na wata-wata, domin buhu guda a lokaci ɗaya yakan koma kasuwa ranar da ciwo ya shigo gida.

Tumatirin Kadawa da Kura da ganyen fadamun Haɗeja ba su shiga wannan tsari, kwana kaɗan suke lalacewa. Su sai dai a ba gidaje takardar saye ta mako-mako su karɓa wurin masu lambu da aka yi wa rajista, ko a sayi kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka a watan Fabrairu da Maris lokacin da tumatir ke zubewa a gona, a haɗa su cikin rabon damina.