Lahadi, 7 ga Disamba: yaƙin da ya shiga gida ta tayar mota

Da hazo muka tashi yau. A ranar Lahadi irin wannan ce, a 1941, jiragen saman Japan 353 suka afka wa Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, gab da ƙarfe takwas na safe. Mutum 2,403 suka mutu, 1,177 daga cikinsu a jirgin ruwa ɗaya, Arizona. Washegari majalisar Amurka ta amince a shiga yaƙi, ƙuri'a ɗaya tal ta ƙi, ta Jeannette Rankin. Ranar 11 ga wata Jamus da Italiya suka shelanta nasu yaƙin a kan Amurka. Ɗibar soja kuwa tuni ta yi nisa, don tun Oktoban 1940 aka yi wa maza masu shekara 21 zuwa 35 rajista.

Wunin nan a kan hotunan takardun rabon kaya na lokacin na ƙare shi, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da aka fara taƙaitawa: tayar mota, tun Janairun 1942. Japan ta mamaye Malaya (a Malesiya ta yau) da tsibiran Indonesiya, inda kusan kashi 90 cikin ɗari na robar Amurka ke fitowa. Da aka kai rabon fetur ƙasa baki ɗaya ranar 1 ga Disamba, 1942, man yana nan a Texas. Taya ake tattali. A gabashin ƙasar ne kawai aka yi ƙarancin gaske, saboda jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen dakon mai.

Mai mota zai je gaban kwamitin unguwa, 'yan sa kai ne, galibi ma maƙwabtansa. Sai ya tabbatar ba shi da taya fiye da biyar, sannan a ba shi sitika ya manna a gilashin gaba. Mai sitikar harafin A galan uku zuwa huɗu yake samu a mako, bai kai lita goma sha shida ba. B ta ma'aikatan masana'antun yaƙi ce, C ta likitoci da limaman coci da masu raba wasiƙu. X ba ta da iyaka, kuma da aka gano 'yan majalisa da yawa sun karɓe ta, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce. Gudu kada ya wuce mil 35 a awa, kimanin kilomita 56, domin zafin gudu ke cinye taya.

A kicin lissafin ya fi wuya. Sukari rabin laba ga mutum ɗaya a mako, daga Mayun 1942. Gahawa laba ɗaya a mako biyar. Takalmi ƙafa uku a shekara. A 1943 aka kawo maki: tikiti shuɗi na kayan gwangwani, maki 48 a wata, ja na nama da man shanu da cuku, maki 16 a mako. Kowane kaya farashi biyu gare shi, kuɗi da maki, kuma hukumar farashi, OPA, tana sauya makin gwargwadon abin da ke ƙasa. A gaban mai kanti ake yage tikiti, wanda ya zo da yagagge ba a karɓa. Mai kantin kuma ya liƙa su a takarda ya miƙa wa dila kafin a ba shi sabon kaya. Daga baya har asusun maki aka buɗe a bankuna.

Inda tsarin ya yi ta cijewa: ba canji. Mai tikitin maki takwas da ke son kayan maki shida, ko ya ƙara wani abu ko biyun su tafi a banza. Sai a 1944 aka buga 'yan kwabbai na kwali mai tauri, ja da shuɗi, maki ɗaya ɗaya. Tikitin kuma yana da wa'adi, shi ya sa ake cincirindo a wurin mahauta idan ya kusa ƙarewa. Jabun tikitin fetur ya yi yawa, nama kuma ya bi kasuwar bayan fage. Kitsen da ya rage a kasko ma ba a zubarwa. Uwargida ta tace shi cikin gwangwani ta kai wa mahauci, laba ɗaya santi huɗu da maki ja biyu, a cire gilisarin a yi nakiya.

Ba kowa ya sha wahala iri ɗaya ba. Umarnin Shugaban Amurka Roosevelt mai lamba 9066 na Fabrairun 1942 ya kai ga tsare mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, kashi biyu cikin ukunsu haifaffun Amurka.

Tayar da aka hana farar hula, a Faransa ta ƙare. Bayan saukar sojojin Amurka da ƙawayenta a Normandi, a arewacin Faransa, layin dogo a lalace yake, sai aka ware hanyoyi biyu, ta zuwa da ta dawowa, motoci kusan 6,000 suna jigilar fetur a jarka da harsasai dare da rana daga Agusta zuwa Nuwamban 1944. Red Ball Express ake ce musu. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fata ne, a rundunar da ba ta yarda su zauna bataliya ɗaya da farare ba. Lodi fiye da kima, gudu, ɓarbashin ƙarfe a titi, ga gyangyaɗi. Tayoyi suka yi ta fashewa.

Mu ma faɗuwar Malaya, mai arzikin kuza, ta taɓa mu, don ita ta sa Turawan Ingila suka yi ta ɗibar mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Jiragen Amurka kuwa, masu tasowa daga Barazil zuwa Masar, sukan biyo ta Akara su sha mai a Kano da Maiduguri kafin su nufi Khartum.