Daga Aji Zuwa Dajin Yankari: Kashi na 7

A makon jiya mun tsaya inda aka kafe sunayenmu a allon sanarwa, kowa da malamin da zai duba masa kundin kammala digiri. A daren ban yi barcin kirki ba. Na ɗauko sabon littafi mai jan bango, na cika shafin farko da abin da nake son cimmawa. Zan ƙirga dukkan giwayen Yankari. Zan gano zakuna nawa suka rage. Zan buga sakamakon a mujallar ƙasar waje, in samu tallafin karatu zuwa Ingila. Har da kawo ƙarshen farautar sata na rubuta, ni kaɗai, ɗan aji huɗu mai wayar da ba ta riƙe caji.

Da safe na kai wa Malam littafin ina ta ƙafafa. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce, "Yankari girmansa nawa?"

Wannan na sani, don na haddace. Na ce, "Murabba'in kilomita 2,244, ranka ya daɗe."

"Kwana nawa gare ka kafin jarrabawa?"

Muka lissafa tare, muka cire azumi da hutun salla da ranakun da ba zan iya tsallake lacca ba. Abin da ya rage bai kai mako bakwai ba. Ya tambayi kuɗin da nake da shi, na faɗa cikin ƙaramar murya. Ya tambaya ko ina da mota. Nan na yi shiru, domin ko kekena na ƙanena ne.

Bai yi mini dariya ba, abin da har gobe nake gode masa ke nan. Ya ce masu ƙirga giwa da gaske jirgin sama suke hawa, ko su ɗaura wa wasu giwayen abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, kamar yadda WCS, wata ƙungiyar kare namun daji, ta yi bayan ta shiga aikin kula da dajin tare da gwamnatin jihar Bauchi a 2014. Wanda ba shi da ko ɗaya, kashi yake ƙirgawa. Na ɗauka ba'a yake yi. Ya ja farar takarda ya nuna mini. Ana bin layi miƙe cikin daji, ana ƙirga tulin kashin da aka gani. Idan an san sau nawa giwa take kashi a yini, wanda ya haura sau goma, aka kuma san kwanakin da tuli yake yi kafin ya ɓace, lissafi zai ba da kimanin yawan giwayen. Ya ɗora alƙalami a kan abu na ƙarshe ya ce, "Wannan kaɗai za ka yi. Kwana nawa kashin giwa yake yi a ƙasa da rani kafin ya ɓace. Daidai ruwa, daidai tsaki."

Gaskiya raina ya sosu. Na shigo da zaki da giwa, na fita da kashi.

A gida abin ya fi muni. Inna ta ajiye muciya ta ce, "Yanzu shekara huɗu kana boko, ƙarshenta kashi aka tura ka ka yi gadi?" Kawuna ya yi dariya har da tari, ya ce in ana neman mai irin wannan ilimi, garken shanunsa a buɗe yake, ba sai na je Alƙaleri, inda dajin yake, ba.

Sai da na isa dajin na gane abin da Malam ya hango. An killace wurin tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006, amma cikin duk waɗannan shekaru ba wanda ya taɓa jera giwayen ya ce ga su. Kwana uku na farko ko wutsiya ban gani ba. Gwaggon biri dai ga su nan har cikin sansanin Wikki, suna fizge leda a hannun baƙi, da gadu masu kiwo a kan gwiwoyinsu. Ba a shiga daji a ƙafa sai da mai gadi, aka haɗa ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ya ce mu riƙe gefen kogin Gaji, don da rani duk naman daji can yake komawa neman ruwa.

Na sake shafi a jan littafina, wannan karon da abin da zan iya aunawa kafin faɗuwar rana: sabon tuli biyar kowace fita, in kafa masa sanda mai lamba, in rubuta ko inuwa yake ko rana, in dawo bayan kwana huɗu in ga yadda ya koma. Ranar da na samu uku, uku nake rubutawa. Ranar da ƙudan tsando ya kore mu ba mu samu komai ba, sifili nake rubutawa, don Malam ya ce sifili ma sakamako ne.

Baba bai taɓa shiga aji ba, amma yakan tsuguna ya fasa tuli da sanda ya ce, "Yaro, wannan na daren jiya ne, ka ga ƙwallon aduwa, ta can yamma suka fito." Shi ya nuna mini aikin buzuzu da gara, yadda suke cinye tulin daga ƙasa alhali samansa yana nan kamar ba a taɓa ba. Wannan ya sa na koma na gyara yadda nake yanke hukuncin cewa tuli ya ɓace.

A fita ta tara muna duba sanda mai lamba 23, Baba ya dafa kafaɗata da ƙarfi, ya ɗora yatsa a baki. Tulin da ke gabanmu tururi yake yi, a bayan kurmi kuma wani reshe ya karye.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.