Jami'ar mata zalla, mu ma muna da buƙatarta

Duk shekara in sakamakon bak, wato jarrabawar ƙare sakandare, ya fito nan Tawa guɗa kake ji gida gida, a dafa shinkafa a raba lemu, to amma ka bari a yi wata biyu ka tambayi ina wance, sai a ce maka tana gida ko an sa mata rana. Kuma wallahi yawanci ba ƙin boko ba ne. Akwai wani baffana da ya zaunar da ni kan tabarma a zaure, carbi na hannunshi, ya ce ɗiyata, ni ban hana ƙanwarki karatu ba, amma Yamai za ta, ina za ta kwana, wa zai sa ido a kanta, aji guda da maza ɗari? Tambayar ke nan da ke tsaida yara da yawa, shi ya sa maganar jami'ar mata zalla ta tsaya mini a rai.

Abin ba sabo ba ne a duniya fa. A Amurka tun 1837 wata malama Mary Lyon ta buɗe makarantar mata ta Mount Holyoke lokacin manyan jami'o'i ba su karɓar mace, daga baya irin su Wellesley suka biyo, can Hillary Clinton ta ƙare a 1969. Ingila ma haka, kwalejin mata ta Girton ta fara a 1869 amma sai 1948 jami'ar Cambridge da take jingine da ita ta yarda ta ba mata cikakken digiri, ku duba tsawon jiran nan. Yanzu kam jami'o'in mata zalla sun ragu sosai a Amurka, daga sama da 200 ba su ma kai 40 ba, don jami'o'in maza sun buɗe wa mata ƙofa.

Ni wadda ta fi burge ni ita ce Ahfad ta Omdurman a Sudan, don yanayinsu ya fi kama da namu. Malam Babiker Badri ne ya fara makarantar 'yan mata a garin Rufa'a a 1907, da ɗiyanshi mata da na maƙwabta ya soma, mutane na ta surutu bai fasa ba, sai ɗanshi Yusuf ya buɗe kwalejin Ahfad a 1966, yau ga shi suna yaye likitoci mata, Allah dai ya kawo musu ƙarshen yaƙin nan. Ita kuwa Ewha ta Koriya ta Kudu da ɗaliba ɗaya tak ta fara a 1886, yanzu har injiniyoyi take fitarwa. Saudiyya na da Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, babu ta mata da ta kai ta girma.

Mu nan Nijar ba a ce babu komi ba, jami'ar Musulunci ta Say tana da sashen mata a Yamai kuma iyaye na kai ɗiyansu hankali kwance, wannan kaɗai ya isa ya nuna abin zai karɓu. To amma bai isa ba a ƙasar da uku cikin huɗu na 'yan mata ake aurar da su kafin shekara 18.

Abin da nake tsoro shi ne a gina ta a ce ai ta mata ce, a cika ta da ɗinki da girki shi ke nan. A'a. In za a yi a yi da likitanci da lissafi da aikin gona da kwamfuta, malamai ƙwararru, ɗakin kwana mai katanga da ruwa da wuta, da wurin reno don masu goyo, saboda da yawa cikin ɗaliban matan aure ne za su zo, kuma bursu, kuɗin tallafin ɗalibai, ya riƙa fita kan lokaci. Asibitocinmu na ƙauye mata nawa ke ƙin zuwa awo don namiji ne zai duba su, to likitocin mata daga ina za su fito in ba mu horar da su ba?