Inda na kai a sayen saitin LEGO ta hannun kamfanin tura kaya

'Yan'uwa masu sha'awar tara saitin tubalan LEGO, a wannan karon ina so in sanar da ku inda na kai wajen sayen kaya daga ƙasashen waje ta hannun kamfanonin da ke karɓar saƙo a madadin mutum sannan su turo masa. Tsarin ba shi da wuyar ganewa, domin kamfanin yana ba ka adireshin rumbunsa tare da wata lamba da ta keɓanta gare ka, sai ka rubuta su a lokacin biyan kuɗi a shagon intanet, kayan su sauka can, daga baya a aiko maka da su. Abin da ya kai ni ga wannan hanya shi ne shaguna da dama ba sa aika kaya ƙetare, kuma saitin da aka daina yi, kamar Café Corner na shekarar 2007 wanda ya buɗe jerin gidajen da ake jerawa su zama titi, ba a samunsa sai a hannun masu sayarwa a eBay ko BrickLink, kasuwar da kamfanin LEGO da kansa ya saye a shekarar 2019.

Zaɓen rumbu bai ɗauke ni lokaci ba. A Amurka jihohin Oregon da Delaware ba sa karɓar harajin sayayya, shi ya sa kamfanonin tura kaya da yawa suke ajiye rumbunansu a can, kuma ni ma adireshin ɗaya daga cikin jihohin biyu na ɗauka.

Abin da ya fi cin tunanina shi ne kwali. Kamfanonin jigilar jiragen sama irin su DHL da FedEx ba nauyin kaya kaɗai suke dubawa ba, suna kuma lissafa wurin da kayan zai cinye a cikin jirgi. Yadda suka saba yi shi ne su ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, sannan su kwatanta abin da ya fito da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za a biya. Idan kwalin da aka saka saitinka ya kai santimita 60 da 50 da 20, lissafin zai ba da kilo 12, ko da kuwa a kan sikeli bai wuce rabin haka ba. Duk wanda ya taɓa girgiza kwalin LEGO ya san cewa ledojin tubalan suna yawo a ciki, wato wani kaso mai yawa na kuɗin jirgin, iskar da ke cikin kwalin kake biya wa. Manyan saiti kuwa, kamar Millennium Falcon na shekarar 2017 mai tubala 7,541 ko Titanic na shekarar 2021 mai tubala 9,090, suna haɗa nauyi da girma gaba ɗaya, don haka wajibi ne a nemi ma'aunin kwalinsu a yi lissafi tun kafin a danna maɓallin saye.

Daga nan ne na gane cewa dole mutum ya yanke wa kansa hukunci a kan kowane saiti: ginawa zai yi ko ajiyewa a rufe? Idan ginawa ne, ana iya umartar ma'aikatan rumbun su buɗe kwalin, su fitar da ledojin da littafin umarni da takardar sitika, su zuba su a ƙaramin kwali, kuma kuɗin jirgin yakan ragu sosai. Sai dai a rubuta musu a fili cewa kada su buɗe ledojin masu lamba, kuma su sa littafin da sitikar tsakanin kwali biyu masu tauri, domin sitikar da ta lanƙwashe ba ta komawa daidai. Idan kuwa ajiyewa ne, to darajar saitin tana rataye ne a kan lafiyar kwalin da mannen da ke bakinsa, sai a nemi su bar shi a cikin kwalin da shago ya aiko shi, su ƙara wani a kansa, su kare kusurwoyin. A ganina masu farawa su fi karkata ga ginawa, domin ajiyar saiti a rufe daga nesa sha'awa ce mai tsada wadda ɗan ƙaramin karo a filin jirgi zai iya ɓatawa.

Haɗa saƙonni da yawa a kwali guda yana rage kuɗi, amma kowane rumbu yana da iyakar kwanakin da yake ajiye kaya kyauta, bayan nan sai ya fara caji. Saboda haka nakan jera sayayyata a kusa da juna.

Hidimar ɗaukar hoton kaya a rumbu kafin a turo su ita ce ƙaramin kuɗin da ban taɓa nadamar biya ba. A saƙona na baya hoton ya nuna kusurwar kwali ɗaya ta dama ta lotsa, kuma mannen gefe guda ya ɗan ɗago har ana ganin farar takardar da ke ƙarƙashinsa. Da yake kayan suna rumbu a ƙasar mai sayarwa, mayar da su ya zo da sauƙi, abin da zai yi wuya da sun riga sun hau jirgi. Ku sani kuma cewa wasu shaguna suna soke oda idan suka ga adireshin kamfanin tura kaya, wasu kuma suna ɗaukar cewa alhakinsu ya ƙare da zarar rumbun ya sa hannu ya karɓa.

A takardar kwastan, waɗannan kaya suna shiga ƙarƙashin lamba 9503 ta kayan wasa. Ina rubuta ainihin kuɗin da na biya, domin inshora ba za ta biya fiye da abin da aka bayyana ba idan kaya suka ɓace, kuma jami'an kwastan suna iya neman rasit. Saitin da ke da mota mai batirin litiyam a duba shi tun da wuri, saboda jiragen sama suna da ƙa'idoji na daban a kan irin wannan batir, kuma ba kowane rumbu ne yake yarda ya tura shi ba.

Yanzu haka ina da saiti na ginawa da ke jira a rumbu, kuma na nemi a ba ni farashin jigilarsu sau biyu, da kwalinsu da kuma ba tare da shi ba. Idan kaya sun iso zan ƙirga ledojin in gwada su da abin da littafin umarni ya nuna, sannan in kawo muku bambancin farashin a rubutu na gaba.