Tsadar gida a Sakkwato tana farawa tun kafin a aza bulon farko

Sana'armu buga bulo ce da ƙananan kwangilolin gini: ciki da falo, shaguna, katanga, wani lokaci gida mai ɗakuna uku. Masu zuwa wurinmu malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa masu rumfa ɗaya, da ƙananan ma'aikata waɗanda ke tara bulo ɗari biyu wannan wata, ɗari uku bayan salla. Duk sa'ad da aka yi maganar gida mai sauƙin kuɗi, siminti ake fara zagi, kuma ba a yi ƙarya ba, tun da ga kamfanin siminti nan Kalambaina a ƙofar gidanmu amma buhu bai san maƙwabtaka ba. Sai dai farashin buhu ba ya hannun ciyaman ko kansila. Abin da ke hannunsu shi ne kuɗin da ke zubewa a ƙasa kafin a haƙa fandisho, kuma a ganina wannan kuɗin ne ya fi kayar da talaka.

A fara da fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Duk inda aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da takardar mallaka, wadda galibi ake rubuta wa shekara 99. Wajen wannan iyaka kuwa, ƙaramar hukuma na da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya. To birnin Sakkwato ya daɗe da fita daga Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya malala cikin Wamakko, Kware, Dange-Shuni da Boɗinga. A nan bakin gari ne mai ƙaramin ƙarfi ke iya sayen fuloti, kuma a nan ne awon igiya ya yi katutu. Mai gona zai kira dillali, a ja igiya, a yanka hamsin-hamsin, a bar lungun da Keke Napep ke shiga da ƙyar, mai unguwa ya sa hannu, shi ke nan. Wannan takarda shaidar ciniki ce, ba ta kai takardar mallaka ba. Banki ba ya karɓarta jingina. Idan kuma gonar gado ce da ba a raba ba, ran da wani magaji ya dawo daga tafiya sai a tsinci kai gaban alƙali, bulo na jibge rana na cinsa.

Maganin wannan ba ya buƙatar biliyan. Rajista ce guda a sakatariya: kowace gona da za a yanka a shigar da ita, da sunan magada, da shaidar rabon gado daga kotu, da taswirar safiyo, da lambar kowane fuloti. Mai saye ya biya ɗan kuɗin dubawa, a buɗe masa littafi ya gani da idonsa cewa ba a taɓa sayar da lamba 14 ba. Inda filin ya faɗa cikin iyakar birni, ƙaramar hukuma ta tattara takardun unguwa guda ta kai ma'aikatar filaye gaba ɗaya, maimakon kowa ya yi ta sintiri shi kaɗai.

Sai girman fuloti, wanda nan ne nake so mai karatu ya ɗauki biro. Bulo mai inci 9 ko mai inci 6, tsawonsa ɗaya ne, inci 18, kuma guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, daga daɓe zuwa inda katakon rufi zai zauna, yana cin bulo wajen 400 bayan an cire ƙofa da taga, sai a ƙara kamar 100 zuwa 130 na fandisho. Ciki da falo da makewayi da ɗan kicin ba za su wuce 1,200 zuwa 1,500 ba. Yanzu dubi katanga. Fuloti 50 da 100 kewayensa ƙafa 300 ne, wato bulo 200 a kowane layi. Layi 10 ya zama 2,000, ba a lissafa abin da ke cikin ƙasa ba. Katanga ta fi gidan da za a kwana ciki cin bulo, kuma a al'adarmu mutum ba zai tare da iyali a fili tsirara ba, dole sai an kewaye.

Abin da ya fi ciwo shi ne a ga katanga biyu manne da juna, kowane maƙwabci ya ja tasa, an bar ɗan tsakani da ba ya amfanar kowa sai ɓera da shara. Da tsarin unguwa ya tanadi katanga ɗaya tsakanin maƙwabta, a rubuce cikin takardar fili cewa wanda ya riga gini zai karɓi rabin kuɗin daga wanda ya biyo baya, da mai fuloti 50 da 100 zai biya kuɗin ƙafa 175 ne kawai a madadin 300, wato ƙafa 50 ta bakin titi da rabin sauran 250. Ya tsira da bulo sama da 800, ɗaki biyu ke nan. Haka kuma a yarda da fuloti 50 da 50 a hukumance cikin sabon tsari, maimakon a dage kan manyan filaye da sai mai hali, alhali a bayan fage kowa ya san ana raba su gida huɗu ba tare da hanya ba.

Hanya da magudanar ruwa aikin ƙaramar hukuma ne a rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa mata tituna, kwatoci, kwashe shara, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Ba kwalta muke nema ba. A bar titi mai faɗin mita 9 zuwa 12, a zuba jar ƙasa a danne, a sa kwalbati a mararraba, sannan a kafa turakun kankare masu nuna tsayin da titi zai kai. Wannan turke ya fi komai muhimmanci ga magini. In babu shi, kowa na aza daɓensa da ka, bayan shekara biyar a zo a cike titi, sai gidaje su koma rami, ruwan Agusta ya bi ta zaure ya shiga har ɗaka. Wanda ya san wasu sassan unguwar Mabera da damina ya san abin da nake faɗa. Daɓe ya kamata ya ɗara titi da layin bulo biyu ko uku, santimita 45 zuwa 70, amma sai an san inda titin zai tsaya. Filin fadama kuwa, ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta isa ta nuna cewa akwai wuraren da bai kamata a yanka wa kowa ba, komai arha.

Faɗin titi yana shiga har cikin farashin yashi. Tifa ba ta shiga lungun ƙafa 10. Sai ta juye a bakin hanya, a ɗauki leburori da baro su yi ta jigila, an biya ɗauka sau biyu, kuma ana asarar wani a hanya. Ƙara da rasit-rasit da direba ke yanka tsakanin wurin ɗiba da wurin juyewa, wanda duk a kan mai gini yake ƙarewa. Ƙananan hukumomin da ke kewaye da birni za su iya zama su amince da rasit ɗaya a rana.

Ruwa ma haka. Bulo ba rana ke ƙarfafa shi ba, ruwa ne. Yana son ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bulon da aka buga da safe kan bushe kafin la'asar idan ba a rufe shi ba. Inda ake sayen ruwa a tanka, mai bulo kan rage ban ruwa, ya kuma ja buhu: a madadin bulo mai inci 9 guda 30 zuwa 35, sai a fitar da 50 daga buhun siminti ɗaya. A ido duk ɗaya ne. Amma goga kusurwarsa da babban yatsa, za ka ga yana zuba kamar garin kwaki, ko ka ɗaga shi zuwa ƙugu ka saki, ya tarwatse. Wanda ya saya yana murnar ragi, damina biyu sai bango ya fara tsagewa daga ƙarƙashin taga. Rijiyar burtsatse ɗaya mai sola a sabuwar unguwa, kafin a fara gini, tana rage wannan. Sannan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya riƙa zagaya wuraren buga bulo, ya ɗauki samfur, ya liƙa sunayen waɗanda suka ci gwaji. Mu masu sana'ar da ke son a daɗe ana zuwa wurinmu ba ma tsoron wannan. Abin tsoronmu shi ne a mayar da zagayen hanyar karɓar na goro.

Izinin gini a cikin birni na hukumar tsara birane ta jiha ne, kuma yawancin masu ƙaramin gini ba sa nemansa, don kuɗin zane kaɗai ya isa sayen buhu da dama. Da za a samar da zane uku ko huɗu da aka riga aka amince da su, na fuloti 50 da 50 da na 50 da 100, a ajiye a sakatariya, mutum ya zaɓa ya biya kuɗi ɗaya da aka rubuta a allo, da an samu masu bin ƙa'ida da yawa. Zanen ya kasance na gini a hankali, domin haka muke gini a nan: zaure da ɗaki biyu da makewayi bana, sauran in Allah ya hore. Ya nuna inda za a bar haƙoran bulo don ɗorawa, da linta da za ta zagaye ginin da rodi mai milimita 12 guda huɗu a kankare 1:2:4 (awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa), da inda sokawe, wato ramin ruwan makewayi, zai zauna nesa da rijiya, aƙalla mita 15, a ƙasa mai yashi ma gara 30.

Akwai kuma jan bulo na matsi, wanda nake ganin an yi wa rashin adalci. Jar ƙasa ce da aka tankaɗe, a gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse a inji, a rufe da leda ya yi mako biyu. Ɗakinsa ya fi na bulon siminti sanyi da bazara, kamar yadda duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa ya sani. Sharaɗinsa biyu ne: fandisho na dutse ko bulon siminti har sama da inda ruwa ke fantsama, da bakin kwano da ya fito aƙalla santimita 60. Inda aka ga ya lalace, ko ƙasar ta cika laka ta tsage, ko an tsuke bakin rufi don a rage bandir ɗin kwano. Mutane na gudunsa don kada a ce sun yi ginin ƙasa. Idan ƙaramar hukuma ta gina aji biyu ko ɗakin shan magani da shi a bakin hanya, aka ga ya ci damina uku lafiya, zancen zai canja.

Batun rance shi ne ya rage. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ya ba da rance da ruwan kashi 6 har tsawon shekara 30. Da yawa a nan ba sa kusantarsa saboda riba, waɗanda suka kusanta kuma takardar fili ke tare su. Abin da ke aiki a hannu shi ne adashi da ƙungiyoyin ma'aikata. Ƙungiyar malamai mai mutum 40 za ta iya karɓar fili guda a tsare, ta sayi siminti tirela guda mai buhu 600 a farashin sari, a buga bulo wuri ɗaya, a riƙa cirewa daga albashi ba tare da ƙari ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, ya dace masu sana'ar gini da masu unguwanni su je zaman kasafi da takarda a hannu: unguwa kaza, titi mai tsawon mita kaza, kwalbati nawa, burtsatse ɗaya, da watan da za a kafa turaku kafin ruwan Yuni ya sauka.