Ƙwai 14 aka cire mini, biyu suka kai kwana na biyar

Abin da har yau yake ci mini rai game da dashen ciki da na yi (IVF, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa) shi ne yadda aka bar ni ina murna da yawan ƙwai. Ina da shekara 38 lokacin. Da sakamakon gwajin AMH ya fito, likita ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ƙwanki na nan da yawa." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba: gwajin nan yawan ƙwan da ya rage wa mace yake nunawa, ba ya faɗin lafiyarsa.

Allurai a ƙasan cibiya, hoton mara, allurar ƙarshe awa 36 kafin cirewa, duk sun tafi daidai. Na farfaɗo aka ce 14. Maigida har sadaka ya raba ranar.

Sai waya ta fara shigowa daga ɗakin gwaji. 11 ne suka nuna, 8 suka haɗu da maniyyi. A kwana na uku shida na rarrabuwa yadda ake so. A kwana na biyar, lokacin da ɗan tayi ke isa dashe, biyu. Ina tsaye a kicin da ludayi a hannu matar ta faɗa mini, na ce, "Sista, ina sauran?" Ta ce sun tsaya.

Daga baya wata likita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya kamata in ji tun kafin mu biya kuɗi. Ƙwai na ba ɗan tayi kromozom 23, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, maniyyi ma 23. Ƙwan mace kuwa da shi aka haife ta, tare suke tsufa, kuma daga shekara 35 kuskure wajen rabon kromozom ɗin yana ƙaruwa. A kwanakin farko ɗan tayi da guzurin da ƙwai ya zo da shi yake tafiya. Wajen kwana na uku ne nasa ƙwayoyin gadon suke karɓar aiki, a nan masu tangarɗa da yawa ke tsayawa. Raguwar da ta kusa zautar da ni, ashe su kullum suna ganinta. To me ya hana a faɗa mini? Jimla biyu ce fa.

Alhamdu lillahi, aka dasa ɗaya ya kama, ɗayan yana daskare.

Duk wadda za ta shiga, kada ta tsaya kan tambayar ƙwai nawa za a samu. Ta ce wa likita, mai shekaruna, nawa ne ke kaiwa kwana na biyar a asibitin nan? Kuma a duba maigida sosai, rabin ɗan tayin nasa ne. Ƙanwata tana da 36, wata takwas da aure shiru, gida ana ta ce mata lokaci ne. Likitoci wata shida suke ba wadda ta haura 35 tana neman ciki kafin a fara bincike, don haka ni da kaina na kai ta asibiti.