Karen tashar Shibuya da tambayar ɗiyata

Ɗiyata ta dawo daga makaranta da wani ƙaramin littafin yara mai hotuna, ta ce, "Baba, karanta mini." Labarin Hachiko ne, karen nan na ƙasar Japan. Ubangidansa, Farfesa Ueno, malamin aikin gona a jami'ar Tokyo, ya rasu a wurin aiki a 1925. Karen bai daina zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana dakon saukowarsa ba, har shi ma ya mutu a 1935. Tun yana raye, a 1934, aka kafa mutum-mutuminsa a bakin tashar.

Kafin mu kai ƙarshe idonta ya ciko da hawaye. Tambayarta ɗaya ce: wa yake ba shi abinci?

Abin ya tsaya mini a rai. Mu da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kura muka tashi, kare kuwa in ya ratso unguwa sai jifa. Alhali mun san karen Ashabul Kahfi da ya shimfiɗa ƙafafunsa na gaba a bakin kogo, mun kuma san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Yaran mafarauta da na ruga suna wuni a daji da karnukansu, kowane kare da sunansa. Ina roƙon marubutanmu su rubuta wa yara labarin irin waɗannan da Hausa, mai hotuna. Ni dai zan saya.